Hajiya, Na Zama Malalaci a Jami'a, Kuma Mma Ba Ta Sani Ba

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗalibi ne a KNUST, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, ina shekara ta biyu a fannin injiniyancin kanikanci. Haifaffen Aboabo ne ni. Tun daga firamare har na gama sakandare ban taɓa wuce na uku a aji ba, kuma da jimlar maki 8 na fito a WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, wadda ƙaramar jimla ce ta fi kyau a cikinta. Baba makaniki ne a Magazin ta Suame, matattarar makanikai ta Kumasi, a hannunsa na fara sanin inji, duk hutu a garejinsa nake yinsa. Ya rasu ina simesta ta biyu. Yanzu Mma ce ke ɗauke da komai da kuɗin waakye, wato wake da shinkafa da take sayarwa, har adashi ta kwasa ta biya mini hostal a Ayeduase. Masu sayen abincinta sun daina kiran sunanta, Maman Injiniya suke ce mata.

Hajiya, na zama malalaci. Simesta ta farko na samu 66, yanzu CWA ɗina, wato matsakaicin makina na duk simestocin, ya sauko 53, kuma ina da tirel biyu, wato darussa biyu da na faɗi. Da na buɗe littafi sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, in ce bari in duba waya minti biyar, kafin in ankara ƙarfe biyu na dare ta yi ina TikTok. Laccar safe ta fi ƙarfina. 'Yan ajinmu da suka fito daga manyan sakandaren Prempeh da Opoku Ware suna da rukunin karatu, sun gayyace ni, na ƙi zuwa don kada su gane ban iya ba. Wata biyu ke nan ban taka gida ba, alhali duk a cikin Kumasi muke. In Mma ta kira sai in ce komai lafiya. Ran nan ƙanwata ta tambaye ni sakamako a waya, na daka mata tsawa har ta yi kuka.

Na kalli bidiyon masu zaburar da mutane a YouTube, in tashi da ƙarfina, kwana biyu abin ya mutu. Wani abokina ya ce baki ne ya kama ni, wani ya ce rashin godiya ce kawai, malalaci ba ya rasa dalili. Ni ma na fara yarda malalacin ne. Yaya zan yi himmata ta dawo? Ko in haƙura da karatun in koma Magazin?

Ɗanki, daga Aboabo

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Da ta'aziyya na fara saboda abin da na gani a wasiƙarka. Kalmar malalaci ta fito sau uku. Rasuwar mahaifinka kuwa kalmomi shida ka ba ta, ka wuce da sauri kamar mai tsallake garwashi. Koma ka karanta abin da ka rubuta da hannunka: 66 kafin rasuwar, gangara bayanta. Ruwa ba ya tsami banza.

Na yi shekaru ina koyarwa a sakandare a nan Kumasi, malalata da yawa sun bi ta hannuna. Malalaci barcinsa yake sha da daɗi, ƙirjinsa ba ya nauyi in ya ga littafi, kuma ba ya ƙaurace wa gidansu wata biyu don kunyar mahaifiyarsa. Yaron da ya fito da 8 a jarrabawar da 6 ce ƙololuwarta ya san zaman karatu, jikinsa ya saba da shi. Saboda haka ba zan miƙa maka jadawali in sallame ka ba, ka fi ni iya tsara shi. Abin da ba a taɓa zaunar da kai aka koya maka ba shi ne karatun abin da ke cikin ƙirjinka, kuma a can himmarka ta maƙale.

Akwai addu'ar da na san ka haddace tun kana makaranta: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal. Dubi yadda aka jera su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fara da neman tsari daga hammu, wanda malamai suka ce damuwar abin da ke tafe ce, da hazan, baƙin cikin abin da ya wuce, sannan ya zo kan gazawa da kasala. Abin da na gani a rayuwa shi ne biyun farko su ke yawan haifar da biyun baya. Kai kuwa duka biyun suna kanka: baƙin cikin Baba a bayanka, fargabar ranar da Mma za ta ji gaskiya a gabanka. Wanda aka matse ta gaba da baya haka, in ya zauna daɓas a ƙasa babu mamaki.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin wannan sawu. A 1990 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka fito da bayanin wani abu da ni nake kira basirar zuciya. A 1997 suka shimfiɗa ta hawa huɗu: mutum ya gane abin da yake ji da abin da na kusa da shi ke ji, ya yi aiki da wannan wajen tunani, ya fahimci daga ina abin ya taso da inda zai kai shi, sannan ya iya juya akalarsa. Daniel Goleman ne ya yayata maganar a duniya a 1995, kuma shi ya lissafa zaburar da kai cikin rassan wannan basira. Bayan haka an zuzuta ta fiye da kima, har wasu na cewa ta fi kaifin ƙwaƙwalwa amfani. Ni ban yarda da wannan ba. Abin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne aikin Carolyn MacCann ta Jami'ar Sidni a Ostareliya da abokan aikinta, wanda ya fito a 2020. Sun tattaro binciken da aka yi a kan ɗalibai sama da 42,000, suka ga masu wannan basira sun fi samun maki, ko da an ware tasirin kaifin ƙwaƙwalwa da na ɗabi'ar tsare aiki. Tasirin nata matsakaici ne, yana bayan waɗancan biyun. Amma cikin dalilan da suka kawo akwai biyu da suka zauna daram a kan wasiƙarka: irin waɗannan ɗalibai sun fi iya jure fargaba da gundura da takaicin faɗuwa, kuma sun fi iya riƙe alaƙa da malamai da abokan karatu. Ƙwaƙwalwa kana da ita. Waɗannan biyun ne suka kwance maka, kuma koyonsu ake yi kamar yadda ake koyon sana'a.

Mu ɗauki daren nan naka guda ɗaya mu warware shi. Ka buɗe littafi. Shafin farko ya tuna maka laccocin da ba ka je ba, su suka tuna maka 53, ita kuma ta tuna maka adashin Mma. Duk wannan kafin ƙiftawar ido ne, ba ka ma san ya faru ba, nauyin ƙirji kawai ka ji. Hannu ya kai ga waya, nauyin ya sauka nan take. Zuciya ba ta manta abin da ya ba ta sauƙi, gobe tun kafin ka gama buɗe littafin za ta tura hannunka. Ƙarfe biyu na dare ka ajiye wayar da kunyar da ta fi ta jiya, saboda haka littafin gobe ya fi na yau nauyi. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun yi bayanin wannan a 2013, suka ce jinkirta aiki yawanci gudun wani ɗaci ne na yanzu, mutum ya sayi sauƙin daren yau ya bar wa gobensa bashin. Shi ya sa bidiyon zaburarwa ke mutuwa cikin kwana biyu. Suna ta hura maka wuta alhali itacen jiƙaƙƙe ne.

Zagin kan da kake yi kuma ruwa yake ƙara wa itacen. A 2010, a Jami'ar Carleton da ke Kanada, Michael Wohl da abokan aikinsa sun bibiyi ɗalibai 'yan shekarar farko tsakanin jarrabawa biyu. Waɗanda suka yafe wa kansu sakacin da suka yi kafin ta farko, su suka fi rage sakaci kafin ta biyu. Kada ka ɗauka ina wanke ka ne. Ka yi laifi: ka ƙi zuwa lacca, ka ɓoye wa mahaifiyarka gaskiya, ka sa ƙanwarka kuka a kan tambayar da ta yi don tana alfahari da kai. Amma mu mun san tsarin tuba, a amsa laifi, a yi nadama, a gyara abin da aka ɓata, a ci gaba. Ba a tarewa a bakin ƙofar tuba shekara guda ana dukan kai.

Aikin farko da zan ba ka ƙarami ne. Duk sanda nauyin nan ya zo, kafin ka taɓa waya, ɗauki biro ka rubuta sunansa a gefen takarda. "Ba na jin daɗi" ba suna ba ne. Hausa ba ta bar mu cikin duhu a nan ba, akwai kunya, akwai fargaba, akwai takaici, akwai kewa, akwai ƙyashi, akwai gundura, akwai gajiyar jiki tsagwaronta. Makaniki ba ya cewa mota ta lalace ya ja bakinsa ya yi shiru. Sai ya kasa kunne ya ji ko fulogi ne, ko famfon mai, ko batir. Ka fi ni sanin yadda Baba ke sauraron inji kafin ya ɗauki sifana, to haka za ka yi wa ƙirjinka. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna kallon fuskoki masu fushi ko tsoro. Da aka sa su zaɓi kalmar da ta dace da abin da ke fuskar, sai wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, wanda ke buga ƙararrawar haɗari, ya lafa. Kiran abu da sunansa kaɗai yana rage masa kaifi.

Babban amfanin sunan kuwa shi ne kowanne da maganinsa. In gajiya ce, kwanta ka yi barci ba tare da zargin kanka ba. In gundura ce, yanka aikin ƙanana. In fargabar rashin ganewa ce, maganinta mutum ne wanda ya gane, ƙarin awa uku kai kaɗai a ɗaki ba zai yi ba. In ƙyashin yaran Prempeh ne, amsa shi tsakaninka da Allah, ba ka saba ganin bayan wani a aji ba, kuma abin yana da zafi. In kunya ce, ita ba ta warkewa a ɓoye, zan dawo kanta.

In kuwa kewa ce, to tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma raina yana ba ni kewa ce ta fi yawa a cikin nauyin nan. Fannin da kake karantawa fannin mahaifinka ne. Kowane zanen fistin da giya a littafinka yana ɗauke da ƙanshin baƙin man garejinsa. Wa kake shirin fara nuna wa takardar digirin in ba shi ba? An yi rasuwa, aka yi zaman makoki, aka yi addu'a, mutane suka watse, kai kuma ka koma aji ka tarar an yi nisa. A Zango mukan dafa kafaɗar yaro mu ce, "Yi haƙuri, kai ne babba yanzu." Da kyakkyawar niyya muke faɗa, amma abin da yaron ke ji shi ne kada ya kuskura ya yi kuka. Ina jin ciwon wannan ɗabi'a tamu, domin na ga samari da yawa da ta cinye a tsaye. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne wanda ya ambaci haƙuri kyakkyawa. Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Haƙuri bai hana ido zubar da ruwa ba, harshe yake tsarewa daga faɗin abin da Allah ba Ya so. In ka ji kewar Baba a tsakiyar karatu, rufe littafin, yi masa addu'a, in kuka ya zo bar shi ya zo. Minti goma na wannan sun fi awa huɗu na TikTok sauke nauyi, kuma bayansu ana iya komawa shafin.

Yanzu ga himmar kanta. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester a Amurka, tun 1985 suke nuna cewa himma iri-iri ce. Akwai wadda ke tasowa daga son abin kansa. Akwai wadda ke zuwa don mutum ya gamsu da amfanin abin ko da ba ya jin daɗinsa. Akwai kuma ta neman yabo da gudun kunya. Wannan ta ƙarshe tana tafiyar da mutum, tana iya kai shi har jami'a, amma ba ta jure faɗuwa. Shekara 12 kana tafiya da man "na ɗaya". Tek kuwa, wato jami'arku, matattarar zakaru ce, kusan kowane ɗan ajinku shi ne gwanin makarantarsu, kuma dole wani ya zo na arba'in. Ranar da yabon ya yanke, tankin ya ƙafe. Su waɗannan malamai sun ce himma mai ɗorewa a kan abu uku take zaune, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: mutum ya ji da zaɓinsa yake yin abin, ya ji yana iyawa, ya ji yana da mutane. Naka duka ukun sun goce. Karatun ya tashi daga abin da kake so ya koma bashin adashi, 53 ta ce maka ba ka iyawa, mutane kuma kai ka guje su.

A nan zan amsa tambayarka ta ƙarshe. Magazin ba mafakar waɗanda suka faɗi ba ce, sana'a ce mai daraja wadda ta ciyar da kai ta tufatar da kai. Jami'arku ma ta san darajar wurin, tun 1980 ta buɗe cibiyar fasaha a cikinsa don masu aikin hannu. In wata rana ka zaɓe ta da zuciya kwance, babu aibi. Amma yanzu gudu kake yi, kuma shawarar da aka yanke a guje ba ta cika yin kyau ba. Ba wa karatun simesta biyu na gaskiya kafin ka sake ɗaga wannan magana. Sai dai ina so ka je Magazin ɗin, ranar Asabar, wurin abokan aikin Baba. Gaishe su, karɓi addu'arsu, cire rigarka ka kama aiki na 'yan awoyi. In an buɗe inji, nemo a cikinsa abin da ake zana muku a allo, ka ga inda zafi ke zama motsi da idonka. Ziyarar farko za ta yi ɗaci, na sani. Amma yaron da ke ƙare hutunsa a gareji ba don maki yake zuwa ba, kuma shi nake so ka je ka ɗauko ka kawo aji.

Sai mu yi lissafi, tunda fargaba a duhu take girma. A tsarin jami'arku 70 zuwa sama daraja ta ɗaya ce, 60 zuwa ƙasa da 70 ta biyu ta sama, 50 zuwa ƙasa da 60 ta biyu ta ƙasa. Ka yi simesta uku cikin takwas, saura biyar har da wadda kake ciki. In muka ɗauka nauyin darussan kowace simesta kusan ɗaya ne, matsakaicin 64 da ɗan ɗoriya kake bukata a sauran biyar ɗin ka fita da 60. Ka taɓa samun 66 kana baƙo, ba ka san hanyar ajinku sosai ba. Daraja ta ɗaya kuwa sai ka riƙa samun 80 da ɗan ɗoriya kowace simesta, ba zan yaudare ka ba, ta yi nisa. Ita ma yi mata ta'aziyya ka sake ta. Maganar tirel, je wurin jami'in jarrabawa na sashenku cikin makon nan, ka tambaye shi yaushe ake sake rubuta su da yadda za su shiga lissafinka. Kada ka dogara da jita-jitar hostal. In ka fito daga can, leƙa ofishin tallafin kuɗi na ɗalibai ka faɗa musu mahaifinka ya rasu, ka ji ko akwai abin da ka cancanta.

Kada kuma ka zauna jiran himma ta zo kafin ka buɗe littafi, sau da yawa bayan an fara take isowa. Bayan sallar asuba, minti 25, tambaya ɗaya daga tsofaffin takardun jarrabawa, waya tana hannun abokin ɗakinka. In ɗakin ya zama wurin da ka saba faɗuwa, tafi laburaren Prempeh II na jami'a. Kada ka raina ƙanƙantar abin. Hadisi ya tabbata cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma tambaya ɗaya da ka warware da hannunka ta fi bidiyo goma gaya wa zuciyarka cewa kana iyawa.

Rukunin karatun nan kuma, koma ka ce musu ka zo. Su suka gayyace ka. Faɗa musu a fili, "Na yi rashi bara, an bar ni a baya a darasi kaza, ku ja ni." Za ka ga cikin waɗanda kake wa kallon sun gama sanin komai akwai mai ɗauke da nasa tirel ɗin. A masallacin jami'a kuma akwai 'yan GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, nemi wani na shekara ta uku ko ta huɗu a sashenku wanda ya riga ya haye darussan da suka kayar da kai.

Abokinka da ya ce baki ne, ba zan yi musu da shi a kan cewa baki da hassada gaskiya ne ba. Riƙe azkar ɗinka na safe da yamma, riƙe addu'ar nan da na ambata. Amma kada wannan ya zama dalilin naɗe hannu. Akwai kuma abin da ya wajaba in faɗa maka kai tsaye. In ka yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, babu abin da ke maka daɗi har abin da ka saba so, barci da cin abinci sun rikice, kana jin ba ka da wani amfani, to wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani kamar hawan jini. Dabarun da na lissafa ba za su wadatar su kaɗai ba. Jami'arku tana da cibiyar ba da shawara da aka kafa domin ɗalibai, tana da asibitinta, ga kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye. Ko ba ka kai haka ba, ina so ka je cibiyar nan ka yi maganar Baba da wanda aikinsa ke nan. In kuwa tunanin cutar da kanka ya taɓa gifta maka, kada ka kwana da shi, faɗa wa wani a ranar, ka je asibiti.

Saura Mma, kuma a wurina ita ce gaba da komai. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Muddin kana ɗauke da wannan sirri, rabin ƙarfinka a kan gadinsa yake ƙarewa, kuma duk kiran wayarta sai ya ƙara wa littafin nauyi. Kana zaton kana kare ta ne. To juyo da basirar nan ta kalli wajenta, domin rabinta karatun zuciyar wani ne. Mace ce da ta binne mijinta bara. Tana tashi tun kafin kiran assalatu ta ɗora tukunya. Ɗanta yana cikin gari ɗaya da ita, wata biyu bai leƙo ba, muryarsa ta sauya a waya, ya sa ƙanwarsa kuka. Kana jin ba ta san akwai wani abu ba? Ta sani. Abin da ba ta sani ba shi ne mene ne, kuma uwa in ba ta sani ba mafi muni take ƙiyastawa: ko miyagun abokai ne, ko ƙwaya ce, ko kuma, wanda ya fi kowanne ciwo, ɗanta ya shiga cikin 'ya'yan manya ya fara jin kunyar mai sayar da waakye. Ina gaya maka a matsayina na uwa, 53 ta fi duk waɗannan sauƙin haɗiya nesa ba kusa ba.

Sunan Maman Injiniya masu sayen abinci ne suka laƙaba mata, ba kai ka yi musu alkawari ba. Ita ɗanta ta haifa, tun kafin a san zai yi boko.

Ba a waya za ka faɗa mata ba, ba a wurin sana'arta ba, ba kuma a gaban ƙannenka ba. In kana jin bakinka zai yi nauyi, tafi da kawunka ko wata aminiyarta da take jin maganarta. Abin da ya faru za ka faɗa, da abin da ke ranka, da abin da ka riga ka fara yi a kai, shi ya sa nake so ka ga jami'in jarrabawa kafin ka je. Kamar haka: "Mma, tun rasuwar Baba karatuna ya ja baya, na faɗi darussa biyu. Kunyarki ce ta hana ni zuwa gida. Ki yafe mini. Na je na tambayi yadda ake gyarawa, kuma na fara." Kada ka yi mata alkawarin daraja ta ɗaya don ka share mata hawaye, sabon bashi ne za ka ɗauka. Tana iya yin kuka, tana iya yin faɗa, tana iya yin shiru kwana biyu. Haƙƙinta ne, sunkuyar da kai ka karɓa, kada ka kare kanka. Kuma kada ka yi mamaki in ka ga ita ma ta daɗe tana neman wanda za ta yi maganar mijinta da shi, tana danne nata don kada ta ɗaga maka hankali kana karatu.

Tafi ranar Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci. Fara da ƙanwarka, riƙe mata ɗan wani abu a hannu, ka ba ta haƙuri da bakinka. Da yamma, lokacin da Mma ta baje tire tana tsintar waken gobe, ga karan dafi a jiƙe a gefe, ja kujera ka zauna ka taya ta tsinta. Soma da maganar Baba. Bayan mako biyu ka rubuto mini in ji yadda kuka yi da ita, da abin da jami'in jarrabawa ya ce.